Haraji da tallafi a Birtaniya: Me ya sa Birmingham ta tsiyace, Manchester ta tsallake?

A ranar 5 ga watan Satumban 2023, majalisar birnin Birmingham, wadda ita ce ƙaramar hukuma mafi girma a Birtaniya, ta sanar da cewa abin da ke shigo mata ba zai iya ɗaukar nauyin da ke kanta ba.

A dokar Ingila, ƙaramar hukuma ba ta karyewa irin ta ɗan kasuwa har a garƙame mata ƙofa. Abin da ake yi shi ne babban jami'in kuɗinta ya fitar da takardar da aka sani da sanarwar sashe na 114, a ƙarƙashin dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988. Daga ranar an haramta duk wani sabon kashe kuɗi, in ban da ayyukan da doka ta wajabta, irin su kula da marayu da tsofaffi da naƙasassu. Ko da wane suna aka kira lamarin, mazauna birnin sun fahimce shi yadda yake: baitulmalin garinsu ya ƙone.

Tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa zuwa arewa akwai Manchester, birnin da ya daɗe yana jayayya da Birmingham kan wanda ya cancanci a kira shi na biyu bayan Landan. Biranen sun yi kama da juna ƙwarai. Dukansu masana'antu ne suka raya su, kuma sun ga rugujewar masana'antun. A ma'aunin talauci da gwamnati ta fitar a 2019, Manchester ce ta shida a jerin ƙananan hukumomin Ingila mafiya fama da rashi, Birmingham ta bakwai. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Birmingham Musulmi ne, a Manchester kuma kimanin kashi 22. A unguwanni irin su Moston da Gorton a Manchester, ko Handsworth da Aston a Birmingham, shagunan da ke sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi ba abin mamaki ba ne.

Amma ɗaya ta faɗi, ɗayar ta tsaya da ƙafarta. Kafin a gane dalili, sai an fara sanin hannun da ke karɓar haraji a ƙasar, da kuma kafaɗar da aka ɗora wa nauyin talaka.

Wa ke karɓa, wa ke kashewa?

Kusan duk wani babban haraji a Ingila aljihun gwamnatin tsakiya yake shiga. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, ma'aikaci ba ya biyan komai a kan fam 12,570 na farko da ya samu. Daga nan zuwa fam 50,270 ana cire kashi 20 cikin 100, sai kashi 40 har zuwa fam 125,140, abin da ya haura haka kuma kashi 45. Akwai kuma kuɗin inshorar ƙasa, kashi 8 a kan mafi yawan ma'aikata. Ke nan wanda albashinsa ya kai fam 30,000 a shekara, ana zare masa kimanin fam 4,880 tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa. Idan ya shiga kasuwa kuma harajin sayen kaya na kashi 20 na jiran sa, ko da yake yawancin kayan abinci da tufafin yara ba sa ciki.

Tun 2021 ba a ɗaga wannan iyaka ta fam 12,570 ba, duk da hauhawar farashi. Sakamakon haka, da zarar an yi wa mutum ƙarin albashi don ya cim ma tsadar rayuwa, sai rabon gwamnati ya ƙaru ba tare da wani minista ya tashi a majalisa ya ce ya ƙara haraji ba.

Da waɗannan kuɗi ne gwamnatin tsakiya ke biyan fanshon tsofaffi, da tallafin marasa aiki, da hukumar lafiya ta NHS. A yankin Manchester ma aka ƙaddamar da hukumar: ranar 5 ga Yulin 1948 ministan lafiya Aneurin Bevan ya je asibitin Park da ke Davyhulme, wanda yanzu ake kira Trafford General, domin buɗe tsarin magani kyauta ga kowa.

Sai dai aikin da ya fi kusa da rayuwar mai rauni ba na gwamnatin tsakiya ba ne. Ƙaramar hukuma ce doka ta ɗora wa biyan mai kula da tsohuwar da ba ta iya wanka da kanta, da karɓar yaron da iyayensa suka kasa riƙe shi, da samar da makwanci ga iyalin da mai gida ya kora, ban da kwashe shara da gyaran tituna da ɗakunan karatu. A manyan ƙananan hukumomi, kula da manya masu rauni da yara kaɗai kan cinye kusan kashi biyu bisa uku na abin da ake kashewa a ayyukan yau da kullum.

Hanyoyin samun kuɗinta uku ne: kason da gwamnatin tsakiya ke aikowa, da harajin gine-ginen kasuwanci, da harajin gidaje. Daga 2010, lokacin da gwamnatin David Cameron da ministan kuɗinsa George Osborne suka shiga tsuke bakin aljihu, kason farko ya yi ta raguwa. Wuraren da suka fi dogara da shi, wato biranen talakawa, su suka fi jin jiki. Shugabannin Birmingham sun ce an rage musu kimanin fam biliyan ɗaya a cikin shekara goma, Manchester kuma ta ce ta zaftare fiye da fam miliyan 400 daga kasafinta.

Harajin da ya daskare a 1991

Harajin gidaje, wanda ake kira Council Tax, shi ne wanda baƙo ya fi saurin sani, domin takardarsa na iso shi cikin 'yan makonni da kama haya. Mazaunin gida ne ke biya, ko da ba shi ya mallake shi ba.

Asalinsa na da tarihin da ba zai zama baƙo ga mutumin Arewacin Najeriya ba. A 1990 Firaminista Margaret Thatcher ta kawo wa Ingila harajin kai, wanda kowane baligi a ƙaramar hukuma ɗaya zai biya daidai da ɗan uwansa, attajiri da leburansa kuɗi ɗaya. Miliyoyin mutane suka ƙi biya, aka yi mummunar tarzoma a tsakiyar Landan ranar 31 ga Maris na shekarar, kuma kafin ƙarshen Nuwamba Thatcher ta bar mulki. Shekara 11 kafin nan, a 1979, gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali, waɗanda Malam Aminu Kano da mabiyansa suka daɗe suna kallo a matsayin sandar dukan talaka. Turawan da suka tsara karɓar harajin kai a ƙasar Hausa, da aka gwada shi a kan jikokinsu bai shekara huɗu ba.

A 1993 gwamnatin John Major ta maye gurbinsa da harajin gidaje. An kasa gidajen Ingila rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa kuɗin da gida zai yi da an sayar da shi a watan Afrilun 1991. Rukunin A na gidajen da ba su wuce fam 40,000 ba ne, rukunin H kuma na waɗanda suka haura fam 320,000. Har yau ba a sake ƙimanta gidajen ba. Ko gidan da aka gina bara, sai jami'ai sun ƙiyasta abin da zai yi a 1991.

Gidan rukunin H na biyan ninki uku ne kawai na abin da gidan rukunin A ke biya, ko da farashinsa ya ninka shi sau hamsin. Bugu da ƙari, kowace ƙaramar hukuma ita ke yanke nata adadin, kuma wadda gidajenta ba su da tsada dole ta tsawwala kafin ta tara abin kirki. Fiye da rabin gidajen Manchester na rukunin A ne. Shi ya sa gida mai matsakaicin rukuni na D ke biyan sama da fam 2,000 a shekara a Birmingham da Manchester, alhali takwaransa a Westminster, unguwar fadar sarki da majalisar dokoki, bai kai rabin na Birmingham ba. Da wuya a sami masanin tattalin arziki da zai kare wannan tsari, kuma da wuya a sami ɗan siyasar da zai yarda ya taɓa shi.

Akwai sassauci. Wanda yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne masu cikakken karatu ba ya biyan komai, masu ƙaramin ƙarfi kuma suna iya neman rangwame. Amma bashin wannan haraji ba a wasa da shi. Wanda ya tsallake biyan wata ɗaya bai kula da takardar tuni ba, ana iya neman sa da kuɗin shekarar gaba ɗaya, a kai shi kotun majistare, a turo masa masu karɓar bashi. A Ingila har yanzu alƙali na iya ɗaure wanda ya ƙi biya da gangan na kusan wata uku.

Yadda Birmingham ta faɗa rami

Abin takaici a labarin Birmingham shi ne, ita ce ta koya wa sauran biranen Birtaniya yadda ake mulkin gari. Joseph Chamberlain, attajirin da ya yi arziki da ƙera kusoshi, ya zama magajin garin a 1873. A cikin shekara uku ya sayi kamfanonin gas da na ruwa ya mayar da su mallakar birni, ya rushe unguwannin da cuta ta yi wa katutu, ya fitar da babban titin Corporation. Ribar gas ce ta taimaka wajen gina gidan tarihi da zane-zane na birnin. Daga ƙasashe ake zuwa ganin yadda hukuma ke kasuwanci domin amfanin talakawanta.

Ramin da birnin ya faɗa bayan shekara 150 kuwa, da hannunsa ya fara haƙa shi. Shekara da shekaru majalisar tana biyan alawus mai tsoka ga ma'aikatan da galibinsu maza ne, irin su masu kwashe shara da masu sharar titi da masu haƙa kabari, ba ta biyan irinsa ga matan da ke mataki ɗaya da su: masu dafa abincin makaranta, da masu goge-goge, da masu kula da tsofaffi. Dokar ƙasa tun 1970 ta haramta bambanta albashi tsakanin mace da namiji. A 2010 dubban mata suka yi nasara a kotun ma'aikata. A 2012 Kotun Ƙoli ta ba wasu 174 da suka riga suka bar aiki damar kai ƙara kotun farar hula, inda wa'adin shigar da ƙara shekara shida ne maimakon wata shida. Ƙofa ta buɗe ke nan.

Birnin ya biya diyyar kimanin fam biliyan 1.1. Domin ya sami kuɗin, a 2015 ya sayar da rukunin NEC, mai babbar cibiyar baje kolin ƙasar, a kan fam miliyan 307. Bayan shekara uku waɗanda suka saya suka sayar wa kamfanin Blackstone na Amurka a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai kimanin fam miliyan 800.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma majalisar ba ta gyara tsarin albashin ba, sai sabbin ƙorafe-ƙorafe suka taru. A watan Yunin 2023 ta bayyana cewa akwai wani bashin da ke tsakanin fam miliyan 650 zuwa 760, kuma yana ƙaruwa da miliyan 5 zuwa 14 a kowane wata.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A 2022 majalisar ta koma amfani da sabuwar manhajar lissafi da biyan albashi ta kamfanin Oracle, wadda aka ƙiyasta za ta ci fam miliyan 19. An yi ta sauya manhajar don ta dace da tsoffin hanyoyin aikin ma'aikata, har ta kai hukumar ba ta iya faɗin ainihin abin da ke asusunta. Kuɗin gyara ya haura fam miliyan 100. A shekarar ce kuma birnin ya karɓi baƙuncin gasar Commonwealth, inda Tobi Amusan ta Najeriya ta ci zinare a gudun tsallake shinge. Gasar ta ƙayatar, amma rukunin gidajen da aka fara ginawa a Perry Barr domin saukar 'yan wasa bai kammala a kan lokaci ba, kuma ya bar wa birnin asara mai yawa.

Shugaban majalisar na lokacin, John Cotton na jam'iyyar Labour, ya nemi afuwar jama'a, ya kuma nuna yatsa ga rage kason da gwamnatin Conservative ta yi. Gwamnatin ta ce rashin iya shugabanci ne. Kowannensu na da gaskiyarsa. Birmingham ba ita kaɗai ta fitar da irin wannan sanarwa ba: Northamptonshire ta yi a 2018, Croydon a 2020, Slough a 2021, Thurrock a 2022, Woking da Nottingham a 2023, wasu a hannun Labour, wasu a hannun Conservative. Tsukewar ta cinye kitsen da hukumomi ke jingina da shi, ta yadda kuskuren da a da za a iya shanyewa ya zama ajali.

A watan Oktoban 2023 minista Michael Gove ya tura kwamishinoni ƙarƙashin Max Caller su karɓi ragamar kuɗin birnin. A ƙa'ida, ƙaramar hukuma ba ta ƙara harajin gidaje da kashi 5 cikin 100 ko fiye sai ta nemi yardar jama'a ta hanyar ƙuri'a. Birmingham an ɗauke mata wannan sharaɗi: ta ƙara kashi 9.99 a 2024, ta sake ƙara 7.49 a 2025. Aka tsara zaftare fam miliyan 300 cikin shekara biyu, da rage hasken fitilun titi, da janye tallafin cibiyoyin al'adu, da rage ɗaruruwan ma'aikata, da sayar da kadarorin ɗaruruwan miliyoyi. Mutumin Sparkbrook ko Alum Rock, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya wayi gari yana biyan ƙari a kan hidimar da ta ragu.

A Disamban 2024 majalisar ta cim ma matsaya da ƙungiyoyin ƙwadago na GMB da Unison kan haƙƙin matan, kuma rahotanni sun ce adadin bai wuce kimanin fam miliyan 250 ba. Wannan ya sa wasu masana lissafi ke tambaya ko tun farko an zuzuta bashin, har aka gaggauta yanke hukuncin da ya jawo sayar da dukiyar birni.

Rigimar ta sake ɓullowa ta wata fuska. Domin kauce wa sabuwar ƙarar bambancin albashi, majalisar ta soke wani muƙami a cikin ayarin motocin shara. Ƙungiyar Unite ta ce wasu ma'aikata za su rasa har fam 8,000 a shekara, majalisar ta musanta adadin. Ranar 11 ga Maris na 2025 masu kwashe shara suka tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani. Kafin ƙarshen watan, tan 17,000 na shara ya taru a tituna, hukuma ta ayyana yanayin gaggawa, hotunan ɓeraye a cikin tulin ledoji suka zagaye duniya. Masu mota a unguwannin masu hali sun riƙa kai tasu juji da kansu. Cunkusassun unguwannin tsakiyar gari ne suka kwana da wari. Har 2025 ta ƙare ba a sasanta ba.

Abin da Manchester ta yi dabam

Manchester a tarihi gidan 'yan kasuwa ce masu ƙin haraji. A nan aka kafa ƙungiyar yaƙi da harajin shigo da hatsi a 1838, wadda Richard Cobden da John Bright suka jagoranta har aka soke dokar a 1846. Masu masaƙun yankin ne kuma suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, suna fatan idan jirgin ƙasa ya isa Kano audugar ƙasar Hausa za ta ciyar da injinansu. Jirgi ya isa, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa.

A wannan zamani abin da ya bambanta ta da Birmingham ba ya rasa nasaba da daɗewar shugabanci. Richard Leese ya shugabanci majalisar birnin daga 1996 zuwa 2021, Howard Bernstein kuma ya riƙe muƙamin babban jami'in gudanarwa daga 1998 zuwa 2017. Su suka sake gina tsakiyar gari bayan bam ɗin ƙungiyar IRA na Yunin 1996. Filin wasan da aka gina don gasar Commonwealth ta 2002 bai zama kufai ba: an ba Manchester City hayarsa, birni na karɓar kuɗi. Kuma yayin da Birmingham ke sayar da NEC, Manchester ta riƙe kashi 35.5 cikin 100 na kamfanin da ya mallaki filin jirgin samanta, sauran ƙananan hukumomi tara na yankin na da kashi 29. Ribar da suke rabawa ta toshe ramuka da dama kafin annobar korona ta tsayar da ita.

Ƙananan hukumomin goma sun kuma koyi magana da murya ɗaya. A 2011 suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Greater Manchester, a 2014 suka ƙulla yarjejeniya da George Osborne ta karɓo wasu iko daga Landan, a 2017 aka zaɓi Andy Burnham magajin garin yankin na farko. A 2018 ya ƙaddamar da shirin samar da gado ga duk mai kwana a titi. Daga Satumban 2023 yankin ya fara mayar da motocin bas ƙarƙashin ikon hukuma, karon farko a wajen Landan tun bayan sakar wa 'yan kasuwa harkar a 1986, tare da tsayar da kuɗin shiga a fam 2. A Afrilun 2023 kuma Manchester ta zama birni na farko a Birtaniya da ya fara karɓar fam ɗaya a kan kowane ɗakin otal a kowane dare a tsakiyar gari.

Kada a ɗauka dogayen benayen gilashi sun kori talauci. Masu suka na cewa gidajen da aka cika tsakiyar gari da su na haya ne masu tsada, kaɗan ne talaka zai iya shiga. Wasu masu bincike na Jami'ar Sheffield sun soki yarjejeniyar gine-gine da majalisar ta yi da masu kuɗin Abu Dhabi, suna cewa an bayar da filayen jama'a da araha. Dubban iyalai na zaune a masaukin wucin gadi da hukuma ke biya. Daga Wythenshawe, a kudancin birnin, Marcus Rashford ya fito, ɗan ƙwallon da a Yunin 2020 ya tilasta wa gwamnatin Boris Johnson ci gaba da ciyar da yaran talakawa a lokacin hutu, yana mai tuna yunwar da shi kansa ya sha yana yaro. Manchester ta tsare asusunta, amma yaranta da na Birmingham kusan jirgi ɗaya ya kwaso su: a biranen biyu fiye da yara huɗu cikin goma na rayuwa cikin talauci idan aka cire kuɗin haya.

Tallafin da ke isa hannun talaka

Babban tallafin masu ƙaramin ƙarfi shi ne Universal Credit, wanda aka fara gwadawa a Ashton-under-Lyne, a gefen Manchester, a Afrilun 2013. Ya haɗe tallafi shida wuri ɗaya. A shekarar 2025 zuwa 2026, wanda ya kai shekara 25 kuma ba shi da iyali ya riƙa samun kimanin fam 400 a wata, ban da taimakon haya da na yara. Idan ya sami aiki ba a yanke shi gaba ɗaya, ana rage fene 55 ne a kan kowane fam da ya samu. Babban ƙorafi a kansa shi ne jiran mako biyar kafin biyan farko, wanda ke tura mutane cin bashi ko layin karɓar abincin sadaka. Gidauniyar Trussell kaɗai ta raba ƙunshin abinci miliyan 3.1 a shekarar 2023 zuwa 2024.

Babu dokar da ta taɓa iyalan Musulmi da na 'yan Afirka kamar ta ƙayyade tallafi ga 'ya'ya biyu. Daga 6 ga Afrilun 2017, aka daina lissafa ɗa na uku da waɗanda suka biyo shi a wannan tallafi idan daga ranar aka haife su, asarar da ta kai kimanin fam 3,500 a shekara a kan kowane yaro. Hujjar gwamnati ita ce mai karɓar tallafi ya yi lissafin haihuwa kamar yadda mai albashi ke yi. Amma mafi yawan gidajen da dokar ta shafa akwai mai aiki a cikinsu. Ta taɓa yara fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma mazaɓun Ladywood da Hodge Hill na Birmingham na cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. A Yulin 2024 Keir Starmer ya dakatar da 'yan majalisarsa bakwai saboda sun kaɗa ƙuri'ar neman soke ta. Bayan wata 16, ranar 26 ga Nuwamban 2025, ministar kuɗinsa Rachel Reeves ta sanar da cewa za a soke dokar daga Afrilun 2026.

Gurbin da hukuma ta bari masallatai da coci-coci ne ke cikewa. Masallacin Green Lane da ke Small Heath na raba abinci ga mabuƙata ba tare da tambayar addini ba. A Birmingham aka kafa ƙungiyar agaji ta Islamic Relief a 1984 domin taimaka wa masu fama da yunwa a Afirka. A 2011 kuma aka kafa wata gidauniyar zakka ta ƙasa, wadda manufarta raba zakkar Musulmin Birtaniya ga mabuƙatan cikin Birtaniya.

Baƙon da ke biya ba ya karɓa

Ga ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana da ya shigo da bizar aiki ko ta karatu, yawancin abin da aka zayyana a sama ba nasa ba ne. Takardar izinin zamansa na ɗauke da sharaɗin cewa ba shi da damar cin kuɗin gwamnati. Yana biyan harajin albashi da inshorar ƙasa kamar kowa, amma ba zai nemi Universal Credit ko tallafin yara ko gidan hukuma ba, kuma neman su na iya jawo masa matsala a kan zamansa.

Asibiti ma sai ya biya tun kafin ya taso. Kuɗin lafiya da ake haɗawa da biza ya fara da fam 200 a shekara a 2015, ya kai fam 1,035 daga Fabrairun 2024, ɗalibai da yara kuma fam 776. Ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi an ɗauke musu. 'Ya'yansa dai za su yi makarantar gwamnati kyauta, kuma idan iyali mai yara ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, dokar kare yara ta 1989 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta agaza, nauyin da shi ma gwamnatin tsakiya ba ta biyan kuɗinsa.

A nan lissafin ke haɗuwa. Dubban 'yan Najeriya da suka shigo bayan 2022 aikin kula da tsofaffi suke yi, kuma mafi yawan kuɗin da kamfanonin ke biyan su daga ƙananan hukumomi yake fitowa. Idan asusun birni ya tsuke, awannin aikinsu da albashinsu ne ke fara nunawa. A 2024 an hana irin waɗannan ma'aikata zuwa da iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Gwamnati ta kuma gabatar da shawarar mayar da wa'adin samun izinin zama na dindindin, wanda shi ke buɗe ƙofar tallafi, daga shekara biyar zuwa goma. Ministar cikin gida da ta gabatar da tsarin a Nuwamban 2025, Shabana Mahmood, 'yar majalisa ce mai wakiltar Ladywood a Birmingham.

Fanshon gwamnati ba ya cikin abin da aka haramta wa baƙo. Shekara 10 na biyan inshorar ƙasa ke ba da damar samun wani abu, 35 kuma cikakke. Sai dai wanda ya yi ritaya ya koma Kano ko Kumasi, fanshonsa zai tsaya a adadin da ya fara karɓa, domin ƙarin shekara-shekara da ake yi wa mazauna Birtaniya ba ya bin mutum zuwa Najeriya ko Ghana.

Kasafin Nuwamban 2025 ya ɗan taɓa harajin gidaje a karon farko cikin shekaru: daga Afrilun 2028 gidan da ya haura fam miliyan biyu zai biya ƙarin fam 2,500 zuwa 7,500 a shekara. Irin waɗannan gidaje galibinsu a Landan da kewayenta suke, kuma kuɗin baitulmalin gwamnatin tsakiya za su shiga. A kasafin ne kuma aka tsawaita daskarar da iyakar fam 12,570 har zuwa 2031.